Wa Zai Yi wa Yarinya Bayani Kafin Ta Ga Jini?

A Gobir, uwa ba ta ko kiran sunan 'yar farinta, balle ta zaunar da ita kan maganar haila. Goggo ko kaka ke ɗaukar wannan nauyi. To, tun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sabon Birni da Isa, dangi sun watse: kaka na gudun hijira a Gidan Runji ta jihar Maraɗi, yarinya kuma na kwana a cunkoson ɗaki da baƙi. Kunyar tana nan, mai bayanin ce babu.

Masu cewa wannan ilimi baƙo ne, su buɗe Ahalari ko Risala. Babin haila da janaba na ciki, malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Shawarata, a fara yi wa yarinya bayani tun tana shekara 9, domin yawancin 'yan mata na fara al'ada tsakanin 10 zuwa 15. Idan alkunya ta hana ki, Inna, wakilta ƙanwarki ko malamar Islamiyya da kika yarda da ita. A gaya wa yarinyar jinin ba ciwo ba ne, ba kuma alamar ta yi laifi ba. A nuna mata yadda ake ƙunzugu, a wanke shi da sabulu, a shanya a rana. Tsallaken wata a shekarun farko ba abin tsoro ba ne. Amma ta sani ciki na iya shiga tun kafin jinin farko ya bayyana, abin da manya da yawa ma ba su sani ba.

Namiji ma, kawu ya yi masa bayanin mafarki da wanka, kada abokai su riga shi.

Abin da ya fi damuna shi ne taɓawa. Kowane yaro ya san al'aurarsa tasa ce, ko ɗan uwa ba ya da ikon kai hannu, kuma idan ya faɗa ba za a doke shi ba. In aka yi fyaɗe, kada a tsaya rufa asiri. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan aka fara shi cikin awa 72. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko da an riga an yi wa yarinyar wanka.