Tufafin Dodon Igbo da Ma'anarsu

Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso Kafanchan a 1927, Igbo da yawa suka zo aikin reluwe da ciniki, suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Hausawa. Cikin 'ya'yansu da suka tashi a garin akwai Uche Okeke, mashahurin mai zane, wanda aka haifa a 1933, ya rasu a 2016. A Kafanchan ya yi firamare, ya kuma kafa wata cibiyar al'adu wadda daga baya ta koma Nimo da sunan Asele. A 1958 yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A 1961 ya yi zanensa mai suna Ana Mmuo, watau ƙasar ruhohi, inda ya nuna siffofi masu kama da dodanni.

Domin mai karatu ya gane irin wannan zane, sai ya fara sanin cewa tufafin dodon Igbo magana ce. Ga misalai uku.

Na farko, Agbogho Mmuo, ruhun budurwa. Maza ne ke sa shi. Fuskarsa fara ce, domin fari a wurinsu launin ruhohi ne. Dogon kitso da matsattsiyar riga mai launi iri iri suna nuna kyau da kyakkyawar tarbiyya. Ben Enwonwu na Onisha, wanda ya rasu a 1994, ya sha zana wannan dodo yana rawa.

Na biyu, Mgbedike, mai baƙar fuska da ƙahoni da manyan haƙora. Wannan alamar ƙarfi ce da jaruntaka.

Na uku, Ijele, sarkin dodanni, mai tsawon kimanin mita 4. Akan jera 'yan gumakan mutane da dabbobi a bisansa, domin nuna rayuwar al'umma dukkanta. A 2009 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Mutanen kudancin Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Atyap suna da Abwoi, Bajju suna da Abvoi, waɗanda Hausawa ke kira dodo. A al'adarsu ta da, muryar kakanni ce mai tsawata wa mai laifi. Haka Igbo suka ɗauki nasu dodon.

Yau galibin jama'ar wannan yanki Kiristoci ne da Musulmi, kuma ba wanda aka ce ya bar addininsa. Amma rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya jahilci al'adar maƙwabcinsa yakan raina ta, raini kuwa shi ke haifar da fitina. Saboda haka ana roƙon malaman makaranta su nuna wa yara waɗannan zane-zane, su bayyana musu ma'anar kowane launi. Dattawa kuma su faɗa wa jikokinsu abin da suka sani, tun kafin ya ɓace tare da su.