Yadda Mugunyar Mura Kan Wuce Huhu Ta Taɓa Zuciya da Ƙoda

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Sau da yawa a kan ji mutane suna mamaki, suna cewa wane mura kaɗai ya yi, amma ga shi likita ya ce ƙoda ce ta kashe shi. To, ga yadda abin ya ke.

Akwai waɗansu ƙwayoyin cuta, ana ce da su bairas, waɗanda ido ba ya iya gani. Irinsu ne suka kawo annobar mura ta 1918, wadda ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano. Irinsu ne kuma suka kawo korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 1920 da shekara ɗari, watau 2020.

Ƙwayar ta kan shiga ta hanci ko baki. Yawancin mutane a nan ta kan tsaya, su warke. Amma in ta gangara huhu, ɓarna ta kan zo ta hanya uku.

Ta fari, huhu ya kan cika da ruwa, har iskar oksijin ta kāsa shiga jini sosai. Zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta kuwa duk da wannan iska su ke aiki.

Ta biyu, Allah ya sa wa jiki dakaru cikin jini masu yaƙi da cuta. Wani lokaci su kan wuce gona da iri, kamar dogaran da aka aika kamun ɓarawo, suka cinna wa unguwa wuta. Sai jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ƙarfin gudun jini ya fāɗi.

Ta uku, jini ya kan yi gudaji a ƙananan jijiyoyi, ya toshe su. Daga nan ƙoda ta daina tace fitsari, dafi ya taru a jiki, zuciya ta gaji, hankali ya gushe. Kowace in ta kāsa, ta kan ƙara wa sauran nauyi.

A korona an lura ciwon ya fi tsananta a mako na biyu, sa'ad da iyali su ke zaton sauƙi ya zo. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ciwon sukari ko hawan jini.

Saboda haka a sanad da dagatai da masu unguwanni waɗannan alamu: numfashi fiye da sau 30 a minti ɗaya ga babba, leɓe ko harshe ya yi duhu, ciwon ƙirji, ƙarancin fitsari, da ruɗewa ko barcin da ba a iya tā da mutum. Wanda aka ga ɗaya daga cikinsu gare shi, lalle a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. A can ne a ke ba da oksijin, kuma in an same ta da wuri sauran kayan ciki su kan tsira.

Malamai kuwa su lura da littafin mutuwa. In mace-mace sun yi yawa a gari ɗaya bayan tari da zazzaɓi, a rubuta wa likitan yanki nan da nan.

Allah ya kiyashe mu, amin.