Mu ɗinka littafinmu da hannunmu

Takarda guda ba ta daɗewa a gida. Iska ta kwashe ta, akuya ta cinye ta, ko yaro ya ƙunsa ƙuli-ƙuli da ita. Shi ke nan, lissafin bashi da awon gyaɗa sun ɓace. Amma in an ɗinke takardu wuri ɗaya, sun zama littafi, sai su yi shekaru.

Tun da daɗewa malamanmu sun san darajar takarda. Alƙur'ani na rubutun hannu ba a ɗinke shi. Ana sa shi cikin tadarishi, a ɗaure, a saka cikin gafakar da dukawa suka yi. Mu kuwa da muke rubutu cikin kaye kullum, ɗinki ya fi mana.

Kayan aiki

Takarda 10 masu girma ɗaya, kwali mai laushi, allura babba, zare mai ƙarfi, ƙusa, kakin zuma, ƙaro da ƙyallen atamfa.

Yadda ake yi

1. A jera takardun, a ninka su biyu. A goga bakin ninkin da gindin cokali.
2. A yanka kwalin ya ɗan fi takardun girma. A ninka shi, a sa takardun ciki. Shi ne bango.
3. A buɗe tsakiya. A huda rami 3 bisa ninkin da ƙusa: ɗaya a tsaka, ɗaya sama, ɗaya ƙasa.
4. A yanka zare, tsawon littafin sau 3. A shafa masa kaki don kada ya harɗe.
5. A sa allura ramin tsaka daga ciki, ta fita waje. A bar wutsiyar zare a ciki.
6. Ta shigo ta ramin sama. Ta tsallake na tsaka, ta fita ta ramin ƙasa.
7. Ta sake shigowa ta ramin tsaka. Yanzu bakin zare biyu suna ciki. A ƙulla su bisa dogon zaren da ya ratsa tsakiya.

Kada a ja zare da ƙarfi, takarda za ta yage.

Ado

A jiƙa ƙaro, a shafa kaɗan bisa bango, a manna atamfa. Mai hali ya sa jemammiyar fatar jar akuyar Maradi. A danne littafin da katako da dutse, ya kwana. Kada a shanya shi rana, bangon zai tanƙware. A ajiye shi nesa da ƙasa saboda gara.

Kowa ya rubuta sunansa da sunan garinsu a shafin farko.

Aiki

Takarda 10 in an ninka, shafi 40 suke bayarwa. To, takarda 15 fa, shafi nawa ke nan? Ku kawo amsa wurin malaminku, tare da littafin da kuka ɗinka.