Amsoshin Tambayoyinku: Kifin Killifish A Akwatin Gilashi

Wani mai sauraronmu daga Jos ya tambaya ko killifish zai zauna lafiya da sauran kifayen ado.

To Malam, zai zauna, amma a zaɓi irinsa. Wanda ake kira gardneri ɗan gida ne, asalinsa ƙoramun yankin Binuwai da Kuros Riba da yammacin Kamaru. Namijin bai wuce santimita 7 ba, jikinsa shuɗi-shuɗi da ɗigon ja. Kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai mafaɗaci, shi ya sa masu kiwo kan haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, su nisanta shi da ƙananan kifaye.

Murfi kuwa dole ne, domin gwanin tsalle ne, 'yar kafa kaɗan ta ishe shi ficewa. Ruwan ya tsaya tsakanin digiri 22 da 25.