Amsoshin Tambayoyinku: Ƙurar siminti da fentin mota

Wani mai sauraronmu daga Malbaza, jihar Tahoua, yana tambaya: yaya zai dawo da ƙyallin fentin motarsa a gida?

To Malam, garinku na da kamfanin siminti ga kuma babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa, don haka ƙurarku ta fi ta hunturu illa. Siminti in ya haɗu da raɓa, daskarewa yake yi a jikin fenti, ya ci shi. Kada ka kuskura ka share shi da busasshen tsumma. Tamkar ka goga samfefa ne.

Ka fara kwarara ruwa da yawa, a inuwa, jikin motar ya huce. Inda simintin ya kafe, jiƙa ƙyalle da ruwan khal da aka tsarma da ruwa, ka ɗora na ɗan lokaci, sannan ka ɗauraye sosai. Omo kuwa, bar wa masu wanki, yana kwashe man da ke kare fenti. Bokiti biyu: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tsumma.

In motar ta bushe, shafa man gogewa kaɗan-kaɗan da auduga mai laushi, ka bi da kakin mota. Da dare ka lulluɓe ta.