Kiwon Koriyar Iguwana a Gida

A ajin nazarin halittu mun sha jin ɗalibai suna kiran damo da sunan iguwana. Dabbobin biyu ba ɗaya ba ne. Damo da guza namu ne na Afirka, kuma nama suke ci, kamar ƙwari da dodon koɗi da ƙwai. Ita koriyar iguwana gidanta yana Amurka, daga Meziko har zuwa Barazil da Faraguwai. A kan itatuwa take zama kusa da ruwa, abincinta kuwa ganye ne da furanni da 'ya'yan itace. Wanda ya ɗauke ta kamar damo ya riƙa ba ta nama, to zai lalata mata ƙoda.

Mutane da yawa a Amurka da Turai sukan saye ta tana 'yar ƙarama, tsawonta bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba. Abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa shi ne, wannan 'yar mitsitsiyar za ta iya kai mita 1.5 ko fiye, har da wutsiya, kuma in ta sami kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20. Ke nan yaron da ya saye ta yana aji ɗaya, zai gama jami'a ya yi aure tana nan da ranta. Akwatin gilashin da aka kawo ta a ciki ba zai daɗe yana ɗaukar ta ba. Babbar iguwana tana bukatar wuri kamar ƙaramin ɗaki, mai tsawo sama, da rassan da za ta hau.

Bari mu tsaya kan batun rana, domin a nan ne masu kiwo suka fi kuskure. Jikin iguwana ba ya ɗumama kansa kamar namu. Dole ta sami wurin shan zafi mai kusan digiri 35, da wani gefe mai ɗan sanyi inda za ta koma. In babu zafi, ganyen da ta ci ba zai narke ba. Bayan zafin kuma akwai wani haske a cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Shi ne yake sa fatarta ta yi bitamin D3, bitamin ɗin kuma shi ne yake taimakon jiki ya ɗauki sinadarin kalsiyam daga abinci. In hasken ya yanke, jiki sai ya koma ɗiba daga ƙashi. Sai haɓa ta yi laushi, ƙafafu su kumbura, ƙashi ya riƙa karyewa ba dalili. Ajiye ta a bakin taga ba ya magani, gama gilashi yana tare wannan haske. Saboda haka a ƙasashen sanyi sai an saya mata fitila ta musamman, a kuma riƙa sauya ta, don ƙarfinta yakan ragu ko da tana ci.

Abinci dai ganye ne mai duhun kore kowace rana, da ɗan kabewa da kuɓewa. Mangwaro da gwanda kaɗan kaɗan. Latas cika ciki ne kawai. Tana son iska mai laima, don haka akan fesa mata ruwa. In muka ga tana atishawa farin abu yana fita, kada mu tsorata, gishirin da ya yi mata yawa ne take fitarwa ta hanci.

Ba ta da halin kyanwa. Namiji yakan yi faɗa a lokacin barbara, yana cizo, yana bulala da wutsiya. Kada a kama ta ta wutsiya, takan katse. Kashinta kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi, shi ya sa ake wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, ba a kuma barin jarirai kusa da ita.

Waɗanda suka gaji da ita suka sake ta sun jawo wa wasu wahala. A jihar Fulorida ta Amurka iguwana ta yaɗu, tana cinye shuke-shuken lambu, tana haƙa ramuka a gindin hanyoyi da bakin magudanan ruwa. A shekarar 2021 hukumar jihar ta sa ta cikin dabbobin da aka hana a saya don kiwo a gida.