Yadda za ka kama ganye yana girka abincinsa

Tambayi manoma goma a Katsina mene ne abincin shuka, yawancinsu za su ce maka taki. Taki yana da nasa aikin, amma abincin da shuka ke rayuwa a kai ita ke haɗa abinta a cikin ganye. Saiwa ta zuƙo ruwa, iskar kabon ta shiga ta wasu ƙananan ƙofofi da suka fi yawa a bayan ganye, koren sinadarin ganyen kuma ya cafke hasken rana, wanda shi ne wutar girkin. Sai a sami sukari, iskar oksijin ta fita waje. Rarar sukarin, ganye yakan tara ta ta zama sitaci, kuma sitacin nan ne za mu kama. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Julius von Sachs, ya nuna haka tun a shekarun 1860, kuma gwajin nasa bai fi ƙarfin tsakar gida ba.

Ga kayan aiki: ƙwayar wake uku ko huɗu, gwangwanin madara da aka huda gindinsa, aidin da sifirit daga kemis, baƙar takarda mai kauri, ƙaramar kwalba da farin faranti. Wake na zaɓa don ganyensa fale-fale ne kuma yana tara sitaci sosai. Ganyen rogo ko na dankali ma za su yi. Kada ka wahalar da kanka da lawashi, ko da ka tsinko shi ɗanye shar daga lambunan Ƙofar Marusa, don albasa sukari take ajiyewa a ganyenta, aidin ba zai nuna maka komai ba.

Da farko shuka waken, ka riƙa ba shi ruwa har mako uku, ya fitar da manyan ganye.

Sannan ka kai shi cikin duhu na kwana biyu cur. Kifa masa babban kwali a ƙuryar ɗaki, ka toshe duk wata kafa. Nan ne yara ke ɓata aikin, don sai sun ɗaga sun leƙa, to a ja musu kunne. Dalilin duhun shi ne shukar ta cinye sitacin da ta riga ta tara, yadda duk wanda ka samu daga baya ka tabbata sabo ne.

Da sassafe a rana ta uku, zaɓi ganye ɗaya mai lafiya, kada ka tsinke shi. Rufe tsakiyarsa da baƙar takarda, sama da ƙasa, ka maƙale da filin takarda, ka bar bakin ganyen da gindinsa a buɗe. In kana son burge yara, yanke siffar harafin K a takardar sama. Fitar da gwangwanin rana, ya sha aƙalla awa biyar. Lokacin shekara yana da tasiri. A hunturu, in hazo ya rufe gari har ba ka hango hasumiyar Gobarau daga nesa, bar shi wuni guda. A bazara kuwa, tsakanin Maris da Mayu, shayar da shi sosai tun da safe, don shuka mai jin ƙishi rufe ƙofofinta take yi, iskar kabon ta kasa shiga, girki ya tsaya ga rana tsaka.

Bayan la'asar tsinke ganyen, cire takardar, ka tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Daga nan sauke tukunyar, ka kashe wutar gaba ɗaya, ko gawayi ne ko risho ko gas. Kada ka yi wasa da wannan, sifirit da wuta ba sa ga maciji. Saka ganyen cikin kwalbar, zuba sifirit ya rufe shi, ka tsayar da kwalbar a buɗe cikin ruwan zafin. Zafin ruwan ya isa, tunda sifirit yana tafasa tun kafin ruwa ya tafasa. Cikin kamar minti goma za ka ga sifirit ɗin ya koma kore shar, ganyen ya koɗe ya yi fari. In da sauran kore, canja ruwan zafin ka ƙara masa lokaci. Ganyen zai fito a ƙage, yana neman karyewa, sai ka ɗauraye shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, ka shimfiɗa a faranti.

Kafin ka taɓa shi, ɗiga aidin a kan cokali ɗaya na koko, kowa ya ga yadda ya rikiɗe ya zama shuɗi mai duhu. Haka aidin ke yi duk inda ya tarar da sitaci. Yanzu ɗiga wa ganyen har ya jiƙe, ka ɗan dakata. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi-baƙi, inda takarda ta rufe ya tsaya ruwan ƙasa-ƙasa, harafinka kuma ya fito raɗau a tsakiya. Ganye ɗaya, saiwa ɗaya, ƙasa ɗaya, haske kawai ya raba su. In duka ganyen ya yi baƙi, duhunka bai cika ba ko takardar ta saki. In babu inda ya canja, rana ce ba ta ishe shi ba, ko ƙishi ne ya kama shi.

Wanda ya ga wannan da idonsa zai gane dalilin da ya sa ciyawa ke kashe gero tun yana ƙarami, ko da an zuba masa taki: tana tsere masa a tsawo ta tare masa rana. Zai kuma gane abin da ya sa manoma ba sa sare gawo a gona. Shi da damina yake kaɗe ganyensa, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sha haske, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki.

Sauran sifirit da aidin, a toshe su a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa, farantin da cokalin kuma a wanke su da sabulu kafin su koma madafi.